Takobi da Diyya: Yadda Fina-finai Suka Karanta Hikayoyin Mutanen Arewacin Turai

Tsakure

Wannan takarda tana nazarin tazarar da ke tsakanin tsofaffin hikayoyin ƙasar Aislan, waɗanda aka rubuta a ƙarni na 13 da na 14, da fina-finan da aka gina a kan tarihin mutanen Arewacin Turai tun daga tsakiyar ƙarni na 20. Abin da take ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, hikayoyin sun fi mayar da hankali ga yadda al'ummar da ba ta da sarki take kashe wutar gaba ta hanyar doka da diyya da sulhu, alhali mafi yawan fina-finan sun ɗauki jinin da aka zubar, suka bar shari'ar da ta biyo bayansa.

Gabatarwa

Ƙasashen da ake nufi da Arewacin Turai a nan su ne Denmak da Nowe da Suwidin da Finlan da Aislan, tare da tsibiran da ke haɗe da su. Duk inda aka ambaci tarihin wannan yanki, abin da ke fara zuwa a zukatan mafi yawan jama'a shi ne zamanin da ake kira na Viking, wanda masana suka saba ɗora farkonsa a kan harin da aka kai wa gidan ibadar Kirista na Lindisfan a gaɓar Ingila a shekarar 793, su kuma rufe shi da mutuwar Sarkin Nowe, Haral Hardrada, a fagen yaƙi a Ingila a 1066. A tsohon harshen mutanen, kalmar Viking sunan sana'a ce, wato fita fashi ta teku, kuma tana nuni ne ga wanda ya fita wannan fashi kaɗai, yayin da galibin jama'ar manoma ne da makiyaya da masunta da fatake waɗanda ba su taɓa kai wa kowa hari ba. Yadda aka yi sunan sana'ar 'yan tsiraru ya mamaye tarihin al'umma baki ɗaya, tambaya ce da ba za a iya amsa ta ba sai an koma ga littattafan da mutanen suka rubuta game da kansu, an jera su da abin da aka nuna a allon kallo.

Al'ummar da ta haifi hikayoyin

Mutanen da suka fara zama a tsibirin Aislan sun isa can ne tsakanin wajejen 870 da 930, mafi yawansu daga Nowe, tare da bayi da matan da suka kwaso daga tsibiran Birtaniya. Ba su naɗa sarki ba. A wajejen 930 suka kafa majalisar da suka kira Altingi, wadda ke zama na mako biyu a kowace bazara a wani fili mai suna Tingbelir, inda ake yin doka, a saurari ƙararraki, a ƙulla aure da ciniki. Babban mai riƙe da muƙami guda ɗaya ne a ƙasar, shi ne mai furta doka, wanda ake zaɓa na shekara uku, kuma aikinsa shi ne ya hardace dokokin ƙasa ya riƙa karanta kashi ɗaya cikin uku daga ka a gaban taro kowace shekara, domin ba a fara rubuta dokokin ba sai a hunturun 1117 zuwa 1118. Abin da ya fi muhimmanci ga wannan nazari shi ne, kotu tana yanke hukunci amma babu dogari ko ɗan doka ko kurkuku da zai zartar da shi, saboda haka wanda ya yi nasara a shari'a shi ne zai tara 'yan uwa da magoya baya ya karɓi haƙƙinsa da hannunsa. Hukunci mafi tsanani shi ne kora: ƙaramar kora ita ce mutum ya bar ƙasa na shekara uku, babbar kuwa ita ce a halatta jininsa har abada, a hana kowa ciyar da shi ko ba shi mafaka.

Ƙarfin wannan tsari ya bayyana a shekarar 999 ko 1000, lokacin da rigimar addini ta kusa raba ƙasar biyu tsakanin masu bautar gumakan kakanni da waɗanda suka karɓi Kiristanci. Kamar yadda Ari Torgilson ya rubuta a littafinsa na tarihin Aislan a farkon ƙarni na 12, ɓangarorin biyu sun miƙa maganar ga mai furta doka na lokacin, Torgeir, wanda shi kansa mai bin addinin gargajiya ne. Ya kwanta ya lulluɓe da mayafinsa yini guda da dare guda bai ce uffan ba, sannan ya tashi ya yanke cewa kowa zai karɓi sabon addini, tare da barin wasu tsofaffin al'adu kamar cin naman doki da yin yanka ga gumaka a ɓoye, bisa hujjar cewa idan doka ta rabu, zaman lafiya ma zai rabu.

Hikayoyin da ake kira saga, kalmar da ke nufin abin da aka faɗa ko labari, an rubuta su ne a kan fatar maraƙi shekaru ɗari biyu zuwa ɗari uku bayan aukuwar abubuwan da suke bayarwa, kuma waɗanda suka shafi iyalan Aislan sun kai kimanin arba'in, babu ko ɗaya da ke ɗauke da sunan marubucinsa. Marubutan Kiristoci ne masu waiwayen kakanninsu, kuma da yawansu sun rayu a cikin yaƙin basasar ƙarni na 13 ko a bayansa, rikicin da ya ci ran fitaccen marubucin nan Snorri Sturluson a 1241, ya kuma kai ƙasar ga miƙa wuya ga Sarkin Nowe tsakanin 1262 da 1264. Mutanen da suka ga tsarin sulhunsu ya ruguje a gaban idonsu su ne suka zauna suna rubuta labarin lokacin da yake aiki, kuma wannan ya isa ya bayyana dalilin da ya sa tambayar da ke bin hikayoyin ita ce yadda gaba take ƙarewa.

Hikayar Niyal

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar hikayar Niyal, wadda aka rubuta a wajejen 1280, kuma ita ce mafi tsawo a cikinsu. Wanda aka sa wa littafin sunansa bai taɓa kashe kowa ba. Masanin doka ne, mai hangen nesa, wanda gemu bai fito masa ba, abin da maƙiyansa suka mayar abin gori, kuma amininsa shi ne Gunnar, gwarzon da babu kamarsa a takobi da baka. Fitina ta faro ne daga abu kaɗan, wato saɓani a kan wurin zama a wajen walima tsakanin Bergtora matar Niyal da Halgerd matar Gunnar. Halgerd ta sa aka kashe wani bawan gidan Niyal, Gunnar ya biya diyyar azurfa awo goma sha biyu, Niyal ya karɓa ya adana jakar bai taɓa ta ba. Da shekara ta zagayo, Bergtora ta sa aka kashe wanda ya yi kisan, sai Niyal ya ɗauko jakar nan ya mayar wa amininsa. Haka aka yi ta yi shekara bayan shekara, darajar waɗanda ake kashewa tana hawa daga bawa zuwa ɗa zuwa dangi na jini, diyya tana ƙaruwa, aminan biyu kuwa suna haɗuwa a majalisa suna biyan juna ba tare da amincinsu ya girgiza ba. Mai karatun da ya san matsayin diyya a shari'ar Musulunci ba zai sha wahalar gane hikimar da ke nan ba, wato a sa wa jini ƙima domin kada jini ya jawo jini, sai dai a Aislan babu hukumar da ke tsaye a bayan wannan ƙima, dattakun mutanen biyu ne kaɗai ke riƙe da ita.

Ƙarshen Gunnar ya zo ne ta hanyar saɓa sulhu. Bayan wasu kashe-kashe an yanke ya bar ƙasa na shekara uku, kuma har ya kama hanya zuwa jirgi sai dokinsa ya yi tuntuɓe, ya sauka, ya waiwaya ya ga gonakinsa a gefen tudu, zuciyarsa ta ƙi tafiya, ya koma gida yana sane da cewa jininsa ya halatta. Da maƙiya suka kewaye gidan ya yi ta korarsu da baka har suka tsinke masa tsirkiya, sai ya roƙi matarsa ta ba shi silin gashinta ya murɗa sabuwa, ita kuwa ta tuna masa marin da ya taɓa yi mata a kan cukun da ta sa aka sato, ta hana. Marubucin bai ce uffan ba game da abin da ke zuciyar kowannensu, domin salon hikayoyin shi ne a faɗi abin da aka gani da abin da aka ji, a bar wa mai karatu hukunci.

Kashi na biyu na littafin ya fi nauyi. 'Ya'yan Niyal sun kashe Hoskuld, yaron da mahaifinsu ya riƙa kamar ɗan cikinsa, kuma matar mamacin, Hildigun, ta adana alkyabbar da aka kashe shi a ciki, ta yafa wa ɗan uwan mahaifinta Flosi har busasshen jinin ya zubo masa a jiki, domin ta zuga shi ga ɗaukar fansa. Duk da haka Flosi ya je majalisa, aka yanke diyya ninki uku, jama'a suka yi karo-karo aka tara azurfar a wuri guda. Niyal ya ɗora wata rigar alharini a kan tarin a matsayin ihsani, Flosi ya ɗauke ta a matsayin habaici, ya yi gorin rashin gemu, ɗan Niyal ya mayar masa da zagin da ya fi muni, nan take sulhun da aka sha wahalar ƙullawa ya warware. Flosi ya zo da mutum ɗari ya cinna wa gidan wuta. Ya ba mata da yara damar fita, ya kuma yi wa Niyal da matarsa tayin haka, amma tsohon ya ƙi domin ba shi da ƙarfin ɗaukar fansar 'ya'yansa kuma ba zai rayu da kunya ba, matar ta ƙi rabuwa da shi, suka kwanta tare da jikansu a ƙarƙashin fatar sa.

Abin da ya biyo baya shi ne sashen da ya fi gajiyar da mai karatun yau, kuma a ra'ayin wannan takarda shi ne zuciyar littafin. Babi bayan babi marubucin ya bi ƙarar da aka kai masu ƙona gidan, da kiran shaidu, da rantsuwa, da ƙalubalantar masu yanke hukunci ɗaya bayan ɗaya, har aka kai kotun ƙoli da ake kira kotu ta biyar. A can doka ta ce alƙalai arba'in da takwas za su zauna, kowane ɓangare ya cire shida, idan wanda ake ƙara ya ƙi cire nasa sai mai ƙara ya cire masa, domin talatin da shida ne za su yi hukunci. Mai gabatar da ƙara ya cire shida kawai, mutum arba'in da biyu suka yanke hukunci, lauyan Flosi ya miƙe ya rushe shari'ar gaba ɗaya a kan wannan kuskure, daga nan kuwa aka zare makamai a filin majalisar kanta. Wanda ya kashe wutar faɗan shi ne wani dattijo mai suna Hal na Sida, wanda aka kashe ɗansa a faɗan, ya tashi ya ce ya yafe diyyar ɗan nasa idan hakan zai sa a yi sulhu, abin da ya girgiza taron har suka yi karo-karo suka ba shi ninki huɗu. Littafin bai rufe ba sai da Kari, surukin Niyal da ya tsira daga wutar ya yi shekaru yana bin masu ƙonawa, jirginsa ya farfashe kusa da gidan Flosi cikin guguwar ƙanƙara, ya shiga wurin maƙiyinsa, Flosi ya tashi ya tarbe shi, daga baya ya aurar masa da Hildigun. Masana irin su Jesse Byock da William Ian Miller sun nuna a littattafansu na 1982 da 1990 cewa wannan kai-komo tsakanin fansa da sasanci shi ne ƙashin bayan hikayoyin.

Abin da allon kallo ya zaɓa

Siffar ɗan Viking da duniya ta sani ba daga waɗannan littattafai ta fito ba. Kwalkwali mai ƙaho, wanda ya zama tambarinsu, ya yaɗu ne daga tufafin da Carl Emil Doepler ya tsara don wasan waƙe na Richard Wagner a Jamus a 1876, alhali kwalkwalin zamanin da aka tono a Gjermundbu ta ƙasar Nowe a 1943 ba shi da ƙaho. Fim ɗin The Vikings na 1958, wanda Richard Fleischer ya ba da umarni, Kirk Douglas ya fito a matsayin jarumi, ya kafa tsarin da aka yi ta bi: jirgi mai kan dodo, hari, shagalin giya, mutuwa da takobi a hannu. Shiri mai dogon zango mai suna Vikings, wanda Michael Hirst ya rubuta aka nuna daga 2013 zuwa 2020, ya fi shi kula da noma da matsayin mata da karon addinai, amma ya matse tarihi har ya sa mutum ɗaya, Ragnar, ya halarci harin 793 kuma ya zama ɗan uwan Rollo, wanda bai sami ƙasar Nomandi daga hannun Sarkin Faransa ba sai a 911. Matse lokaci haƙƙin mai ƙirƙira ne, ba abin zargi ba ne a karan kansa. Abin da ya fi cancantar a lura da shi shi ne, inda taron shari'a ya bayyana a shirin, yakan zama dandalin da mai mulki ke nuna ƙarfinsa, kuma diyya ba ta taɓa zama ginshiƙin labari ba.

Akwai misali guda da ya shafi masu karatun tarihin Musulunci kai tsaye. Ahmad ibn Fadlan ya bar Bagadaza a 921 cikin tawagar da Halifa Muƙtadir ya aika wa Sarkin Bulgar na kogin Bolga, ya isa a 922, kuma a can ya haɗu da fataken da ya kira Rus, waɗanda masana da yawa ke ganin asalinsu daga Suwidin ne. Risalarsa tana cikin shaidu kaɗan na wanda ya gan su da idonsa: ya siffanta tsayinsu, ya ƙyamaci yadda suke wanke fuska a kwano ɗaya, ya bayyana jana'izar wani shugabansu da aka ƙone a cikin jirgi tare da kuyangar da aka kashe domin ta raka shi, ya kuma lura cewa mace takan sami abin wuya guda a kan kowane dirhami dubu goma da mijinta ya mallaka. Abin da aka tono a ƙasa ya gaskata ƙaunar da suke yi wa azurfar Musulmi, domin taskar da aka tono a Spillings ta tsibirin Gotlan a 1999 tana da nauyin kilo 67 da tsabar kuɗi sama da 14,000, mafi yawansu dirhamomi. Michael Crichton ya ɗauki farkon risalar ya haɗa da tsohuwar waƙar Ingila ta Beowulf a littafinsa na 1976, wanda aka mayar fim ɗin The 13th Warrior a 1999, inda malamin da aka aika da saƙon halifa ya koma mawaƙin da aka kora saboda soyayya, ya ƙare da takobi a hannu yana yaƙar dodanni. Fataken da ya gani suna ciniki sun koma mayaƙa zalla, shi kansa mai shaidar bai tsira daga takobin ba.

The Northman na 2022, wanda Robert Eggers ya ba da umarni tare da marubucin Aislan Sjón, ya fi duk waɗanda suka gabace shi bin diddigin tufafi da gidaje da ibada, kuma abin yabo ne yadda bai ɓoye cinikin bayi da ƙona ƙauyuka ba. Amma labarin Amlet da ya ɗauko daga tarihin Denmak na Saxo, wanda aka rubuta a wajejen 1200, labarin fansa ne tsantsa, saboda haka ko da yake mafi yawan fim ɗin yana faruwa ne a Aislan, babu mai shiga tsakani, babu jakar azurfa, babu wanda ya tambayi nawa ne diyyar uba. Dalilin wannan zaɓi ba ɓoyayye ba ne, domin faɗa yana ɗaukuwa a kyamara cikin minti biyu kuma kowa yana fahimtarsa ba tare da fassara ba, alhali shari'a magana ce mai tsawo da ke bukatar mai kallo ya san dangantaka da ƙa'ida. Illar ita ce al'ummar da aka sani da hardace doka ta koma a idon duniya al'ummar da ba ta san doka ba, kuma irin wannan hoto na jarumi farar fata marar shari'a shi ne wanda 'yan Nazi suka yi ado da shi a ƙarni na 20, masu aƙidar wariyar launin fata kuma suke yi har yau.

Yadda masu gida suka karanta nasu

Marubutan yankin sun daɗe da yin taka-tsantsan da wannan hoto. Halldór Laxness na Aislan, wanda ya sami kyautar Nobel a 1955, ya rubuta Gerpla a 1952 da harshe irin na hikayoyin domin ya tuɓe wa kisa rigar jarumta, ya nuna mayaƙan a matsayin matasan da waƙoƙin yabo suka ruɗa, Sigrid Undset ta Nowe kuwa ta gina Kristin Lavransdatter, wanda ya fito tsakanin 1920 da 1922, a kan aure da gado da zunubi da tuba a rayuwar mace guda ta ƙarni na 14. Ya kamata a ambata a taƙaice cewa yankin ba na zuriyar Viking ba ne kaɗai: Finlan tana da Kalevala, waƙoƙin bakan da Elias Lönnrot ya tattara ya buga a 1835, mutanen Sami na can ƙuryar arewa kuma sun fara ba da labarinsu da harshensu a fim ɗin Ofelaš na Nils Gaup a 1987.

A fagen fim, Útlaginn na Ágúst Guðmundsson, wanda ya fito a 1981, ya bi hikayar Gisli, mutumin da aka halatta jininsa ya yi shekara goma sha uku yana ɓuya, kuma ya nuna kora kamar yadda take, wato yunwa da sanyi da mugun mafarki da dogaro ga matar da ta ƙi sayar da shi, wadda a hikayar ta maka wa mai farautarsa jakar azurfar da ya kawo mata cin hanci a hanci har jini ya zuba. Amma fim ɗin da wannan takarda ke ganin ya fi kowanne gadon hikayoyin ba shi da takobi ko jirgi, kuma a wannan zamani yake faruwa. Hrútar, wato Raguna, na Grímur Hákonarson, wanda ya sami kyauta a bikin fina-finai na Kan a Faransa a 2015, labarin wa da ƙane ne, Kiddi da Gummi, tsofaffin makiyayan tumaki da gidajensu ke kallon juna a wani kwari, waɗanda suka yi shekara arba'in ba sa ga maciji, har idan saƙo ya zama dole sai a rubuta a ba kare ya kai. Kamar a hikayoyin, ba a tsaya bayyana asalin gabar dalla-dalla ba, magana kaɗan ce, kuma doka ce ke motsa labarin, domin da cuta ta ɓulla a garken ɗaya, hukuma ta ba da umarnin a hallaka duk tumakin kwarin. Gummi ya ɓoye 'yan kaɗan daga irin da suka gada a ɗakin ƙasa na gidansa, da asiri ya tonu kuwa babu wanda zai taimake shi sai wan nasa. Suka kora tumakin zuwa kan tsauni cikin dare, guguwar ƙanƙara ta rutsa da su, Kiddi ya tsinci ƙanensa a kwance sanyi ya kusa kashe shi, ya haƙa rami a cikin ƙanƙarar, ya tuɓe musu tufafi, ya rungume shi domin ɗumin jikinsa ya ratsa shi, a nan kuma fim ɗin ya tsaya.